Yadda Ake Daina Shan Giya Ba Tare da Jefa Rai Cikin Haɗari Ba

Wannan rubutu na wanda ya gaji ne, wanda ya sha yin rantsuwa da asuba cewa daga yau an gama, magariba na yi ya tsinci kansa a bencin da ya saba zama. Na yi shekaru cikin wannan hali ina ma'aikaci a Kaduna, ina tauna goro da kanumfari a ƙofar gida don kada iyali su ji wari. Sau uku ina dainawa ina komawa kafin Allah ya ba ni ikon tsayawa. Tun daga nan na kwana a gefen mutane da yawa a makonsu na farko, Musulmi da Kirista, direbobi, malaman makaranta, 'yan kasuwa, har da mata. Ni ba likita ba ne. Abin da ke hannuna shi ne tsarin da na ga yana kai mutum gaci, da sanin wuraren da dole a miƙa wa likita ragama. Da namiji zan riƙa magana don sauƙi, amma 'yar'uwa, ke ma da ke nake.

A wajenmu mashayi a ɓoye yake sha. Saboda haka ranar da ya yi niyyar dainawa, a ɓoye yake son ya daina: ya kulle ɗaki, ya ce zazzaɓi ne, ya cije. Wannan ɓoyon ya fi komai ba ni tsoro. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. In kullum ana danne ta, sai ta ƙara ƙaimi don ta iya aiki, kamar direban da birki ya riƙe masa mota yana ta taka totur. Ranar da birkin ya saki lokaci ɗaya ƙafa na kan totur, mota ƙwacewa take yi. Haka yake a jikin wanda ya saba sha kullum ya yanke dare ɗaya: karkarwa, bugun zuciya, jijjiga, ruɗewa, wani lokaci har rasa rai.

ABIN DA ZA KA TANADA

Mutum ɗaya da ka amince da shi, wanda ba ya sha, ba shi da tsegumi, kuma zai iya kwana tare da kai aƙalla kwana biyar. Shi ne babban kayan aikin.

Katin asibiti, da sanin asibitin da ke karɓar marasa lafiya da dare a kusa da kai. Ka ajiye lambar mai mota ko mai a-daidaita-sahu da zai ɗauki waya ko da ƙarfe biyun dare ne, da tsabar kuɗin da za a biya shi.

Hutun mako ɗaya. Direba, ɗan acaɓa, mai hawa gini da mai aiki da inji, kada su kusanci aiki a wannan makon ko kaɗan.

Ƙaramin littafi da biro.

Bitamin B1. A jikin kwalin za ka ga an rubuta Thiamine.

Ruwan sha mai yawa da ƙullin ORS na kemis. In babu, ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Abinci mai sauƙin shiga: kunun gyaɗa, koko, fura da nono, faten wake, alale, ayaba, kankana. Sai bokiti, tawul, zanin gado na canji, da fitila mai caji, domin duhu yana ƙara firgita mutum a dare na biyu da na uku.

MATAKI NA 1: ƘIRGA ABIN DA KAKE SHA

Kafin ka rage komai, ka yi mako ɗaya kana rubuta duk abin da ka sha: wane iri, nawa, ƙarfe nawa, a ina, da wa, da abin da ya faru kafin ka tafi. Kusan duk wanda na zauna da shi yakan ce mini kwalba biyu ce ko uku, littafi kuma ya nuna shida. Bayan ta uku lissafi ɓacewa yake yi.

Ga yadda ake aunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar giram 10 na zallar barasa a matsayin awo ɗaya. Babbar kwalba ta santilita 60 mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 24, wato kusan awo biyu da rabi. 'Yar ledar mai zafi ta mililita 30 mai kashi 40 kusan awo ɗaya ce, shi ya sa mai tsotsar leda goma a yini yake ganin bai sha komai ba, alhali ya sha daidai da manyan kwalabe huɗu. Burukutu, fito da bammi ba su da tsayayyen ƙarfi, ka ƙirga ƙwarya ko kofi. Ogogoro da goskolo sun fi muni, don ba wanda ya san abin da ke cikinsu. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoron da ke ɗauke da gubar metanol. Kada ka manta da bitas da jiƙe-jiƙen da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ƙarfin maza. Da yawansu a barasa aka jiƙa su, su ma su shiga littafi.

MATAKI NA 2: GANO KO JIKINKA YA KAMU

Ka amsa waɗannan tsakaninka da Allah. Hannunka yana rawa da safe sai ka ɗan kurɓa ya tsaya? Kana farkawa cikin zufa da tashin zuciya? Ka taɓa jijjiga ko faɗuwa bayan kwana ɗaya ko biyu ba ka sha ba? Ka taɓa ganin ƙwari, macizai ko mutanen da ba mai ganinsu sai kai? Kana haɗawa da tiramol, kodin, ko ƙwayoyin sa barci irin su D5 da roci? Kana da farfaɗiya, ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ko ka taɓa yin ciwon shawara? 'Yar'uwa, kina da juna biyu?

In ko ɗaya daga ciki haka ne, yankewa a gida ba tare da likita ba ba taka ba ce. Haka wanda lissafinsa ya kai manyan kwalabe biyar a kullum. Wanda ya kai goma, ko ya taɓa jijjiga ko gane-gane, gado ya kamata a ba shi a asibiti. Kuma kada ka ce ai bara na yanke ba abin da ya same ni. Duk yankewar da aka yi aka koma, ta gaba takan fi ta baya tsanani.

Wanda kuwa sai ƙarshen mako ko ranar albashi yake sha, yana yin kwana huɗu biyar lafiya lau ba tare da ita ba, zai iya yankewa kai tsaye. Shi aikinsa yana Mataki na 3, na 5, da na 7 zuwa ƙarshe.

MATAKI NA 3: FAƊA WA MUTUM ƊAYA

Nan ne mutane da yawa ke cijewa, kuma na fahimta. An koya mana mutum ya rufa wa kansa asiri, gaskiya ne. Amma tallata zunubi daban, nuna wa mai taimako ciwo daban. Ba shelar gari za ka yi ba. Mutum ɗaya: yayanka, ƙaninka, aminin da ba ya sha, ko matarka.

Game da matarka, ta riga ta sani. A duk gidajen da na shiga ban samu wadda ba ta sani ba. Shiru ta yi don ta rufa maka asiri, ko don gudun faɗa. Ka zaɓi lokacin da kake garau, ka faɗa a taƙaice: "Ina da matsalar giya. Ina so in daina ranar kaza. Akwai haɗari in ni kaɗai ne. Ina so ki taimake ni." Kada ka ƙara mata da rantsuwa, kunnenta ya gaji da ita. Ka nuna mata littafin da katin asibitin, su za ta fi yarda da su.

Kuskuren da na sha gani shi ne mutum ya zaɓi abokin shansa, wai tare za su daina. Ranar da ɗaya ya karye, da ɗayan yake tafiya. In da gaske ba ka da kowa, ka nemi limami ko fasto mai riƙon sirri, ko ma'aikacin jinyar unguwarku. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, da layin waya na kyauta, 080010203040.

MATAKI NA 4: GA LIKITA

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, Shika a Zariya da na Jos duk suna da sashen ƙwaƙwalwa, haka Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Na san sunan da ake kiran irin waɗannan wurare da shi a gari, ni ma sunan ne ya hana ni zuwa tsawon lokaci. Da na je, layin cike yake da masu rashin barci, masu farfaɗiya, masu damuwa, ba wanda ya tambaye ni me ya kawo ni sai likita. In sun yi maka nisa, ka fara da babban asibitin garinku.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ba likita littafin nan, ka gaya masa ƙarfe nawa ka yi shan ƙarshe, da duk wata ƙwaya da kake sha. Da wannan yake auna maganin da zai ba ka. In ka rage lissafi, ka rage wa kanka kariya. Ka nemi a duba maka hanta, ƙoda, suga da hawan jini, a kuma yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C. Nau'in B ya yi yawa a ƙasashenmu, kuma in ya haɗu da giya hanta takan lalace da wuri. Kitsen da giya ke tara wa hanta yakan ragu cikin makonni bayan an daina. Hantar da ta riga ta ƙanƙance ba ta komawa daidai, amma dainawa tana tsayar da ɓarnar ko ta rage mata gudu.

Abin da likita kan bayar kashi biyu ne. Na farko maganin kwantar da ƙwaƙwalwa, Diazepam ko Chlordiazepoxide, ko Lorazepam ga mai raunin hanta, na kamar kwana biyar zuwa bakwai, ana rage shi kullum har ya ƙare. Shi ke riƙe birkin a sake shi a hankali. Na biyu bitamin B1, allura a asibiti, ƙwaya a gida. Giya tana ƙarar da shi a jiki, rashinsa kuma yana kawo ruɗewa, tangaɗi, matsalar ido, da mantuwar da ba ta warkewa. Kada ka raina shi don arharsa.

Gargaɗi: maganin ya zauna a hannun mai kula da kai, shi zai riƙa ba ka a kan lokaci. Kada ka sayi Diazepam a kemis ka yanka wa kanka awo, kuma kada ka sha shi a kan giya. Haɗuwarsu tana iya tsayar da numfashi cikin barci.

In babu hanyar ganin likita yanzu, jikinka kuma ya kamu, abin da ya rage shi ne ragewa a hankali maimakon yankewa: ka bar mai zafi ka koma mai ƙaramin ƙarfi, ka riƙa cire kashi ɗaya cikin goma duk kwana uku ko huɗu, mai kula da kai ne ke riƙewa yana auna maka, kana cin abinci kana shan B1. Na san wannan magana tana da nauyi a kunnen mai tsoron Allah. Ba halatta ta nake yi ba, ranka nake so ya kai ranar da za ka bar ta. Kuma a ganina kaɗan ne ke cin nasara ta nan, don kurɓin farko shi ke buɗe ƙofar sauran. Mai son ya yanke tun yau ba tare da ya sake kai ta baki ba, asibiti ce hanyarsa.

MATAKI NA 5: SA RANA, KA SHARE GIDA

Ranar ta kasance cikin mako biyu masu zuwa, kuma farkon mako, don kwanakin haɗari su faɗo lokacin da likitoci ke bakin aiki. Kada ta zo daf da albashi ko biki.

Mutane da yawa suna jiran ɗaya ga Ramadan. Niyyar tana da kyau, amma ga wanda jikinsa ya kamu, yankewa da ƙishirwa da yunwa a rana ɗaya haɗari ne babba. Ka yi makonka na farko tun a Rajab ko farkon Sha'aban, azumi ya same ka jikinka ya natsu. A nan ne watan zai zame maka garkuwa, don magaribarka da darenka duk a cike suke.

Jajibirin ranar, kai da mai kula da kai ku bi ko'ina: bayan kujerar mota, durowar ofis, saman silin, aljihun tsohuwar riga. A zubar. Kada a ajiye don baƙo, kada kuma a yi shan bankwana, yana tsananta kwanakin da ke biye. In mashaya na bin ka bashi, ka tura ta waya ko ka aiki wani. Ƙafarka kada ta je.

MATAKI NA 6: MAKON FARKO

Wannan sashen ku karanta shi tare da mai kula da kai.

Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara jin rawar hannu, zufa, tashin zuciya, ciwon kai, faɗuwar gaba da rashin barci. Ka riƙa kurɓar ruwa da ORS kaɗan-kaɗan, kada ka kwankwaɗa lokaci ɗaya ka amayar. Ka ci wani abu duk bayan awa uku ko da cokali biyar na kunu ne, don sugan mashayi yakan faɗi. Ka guji kofi da shayi mai kauri. Ciwon kai kada ya sa ka yi ta haɗiyar farasitamol, hantarka a gajiye take. Ka tambayi likita adadin da ya dace da kai.

Kwana biyun farko ne lokacin jijjiga. In ta zo, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai. Ko ta tsaya da kanta, a tafi asibiti a take. In ta kai minti biyar, ko ta dawo, kada a jira komai.

Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne mafi haɗari, kuma a nan iyali suka fi yin kuskure. Mutum ya fara sambatu, bai san inda yake ba, yana kaɗe ƙwarin da ba su nan, yana ganin macizai a bango, jiki zafi, zufa kamar an watsa masa ruwa, zuciya na gudu. A gida sai a ce iska ce ta taɓa shi, a tafi neman mai ruƙiyya, a ƙona turare, a kwana ana jira. Wannan ruɗewar cirewar giya ce, tana kisa in ba a yi magani ba, a asibiti kuma ana shawo kanta. A sa shi a mota. Mai addu'a ya biyo ku ya yi a bakin gadon asibiti, ba wanda zai hana shi. Da kun isa ku gaya wa likita gaskiya: yana shan giya kullum, ya daina ranar kaza. Na ga iyalin da kunya ta sa suka ce maleriya ce, aka ɓata yini guda ana bin abin da ba shi ba.

Sauran abubuwan da ba a kwana da su a gida: aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, amai ba tsayawa, ciwon ƙirji, ciwon ciki mai tsanani, ido ya yi ɗorawa, tangaɗi ko ganin abu biyu-biyu, da maganar kashe kai.

Mai kula, naka aikin shi ne natsuwa. Ka bar fitila a kunne, ka yi magana a hankali, ka riƙa tuna masa ina yake da wace rana ce. Wa'azi da tuna masa abin da ya yi a baya su jira. Kada a kulle shi, kada a ɗaure shi. Masu tunanin kai nasu gidan mari su tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa ba ta maganin jijjiga.

Zuwa kwana na biyar ko na bakwai jiki yakan lafa, abinci ya fara daɗi.

MATAKI NA 7: CIKA GURBIN DA TA BARI

Makon farko na jiki ne. Abin da ke mayar da mutane yana zuwa daga baya, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Ka buɗe littafinka ka duba lokacin da ka fi sha. Ga mafi yawanmu daga tashi aiki ne zuwa sha ɗayan dare. Waɗannan awowin sai ka tsara su tun da safe, ka rubuta, kada ka bar wa zuciya ta zaɓa da yamma. Ni na koma cin abincin dare da wuri tare da yara, in yi magariba da isha'i a masallacin da ke nesa da gida don in taka da ƙafa, sannan in zauna wajen mai shayin da ba ya kan tsohuwar hanyata. Wani ƙwallo ya koma, wani makarantar dare, wani ƙungiyar mawaƙan coci. Ka canza hanyar komawa gida ko da za ta ƙara maka kuɗin mota.

Ƙawar giya tana zuwa kamar hadari, ta haɗu ta yi baƙi, kuma yawanci cikin minti 20 zuwa 30 ta watse in ba a biye mata ba. In ta taso, ka bar wurin da kake, ka ci wani abu, ka sha ruwa mai sanyi ko zoɓo, ka kira mutuminka ka ce masa "ta taso," ka yi alwala ko wanka, ka taka. Ka lura da abin da ke kiranta: yunwa, ɓacin rai, zaman kaɗaici, gajiya. Farin ciki ma yana kiranta, na ga wanda ya koma ranar da aka ƙara masa girma a wajen aiki.

Kuɗi a aljihu da yamma tarko ne. Wata ukun farko ka ba matarka ko ɗan'uwanka katin banki, ka fita da na mota da na abinci kawai. Abokan sha kuwa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba sai kun yi faɗa ba. Ku gaisa a hanya, amma zama a teburinsu da kwalbar maltina a hannu, wai kai kallo kawai kake yi, ban ga wanda ya daɗe a haka ba. In an yi maka tayi, amsa gajera: "Na daina, likita ya hana ni." Kada ka tsaya bayani.

Barci zai yi makonni bai daidaita ba, wani har watanni. Ka riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya, ka bar goro da shayi bayan la'asar. Kada rashin barci ya kai ka ga kodin, tiramol, roci ko wiwi, nan an gudu ne ba a tsira ba. Ƙuncin rai ma yakan zo, yakan kuma sassauta cikin mako uku zuwa huɗu. In ya wuce haka, ko da ma shi ya kai ka ga sha tun farko, ka koma wa likita, yana da magani. In zuciya ta fara raya maka mutuwa ta fi, a ranar za ka faɗa wa wani.

MATAKI NA 8: MAGANIN HANA KOMAWA DA ABOKAN TAFIYA

Mutane da yawa ba su san akwai shi ba. Naltrexone yana rage ƙawa da daɗin da ake ji in an sha, sai dai ba a ba mai shan kodin ko tiramol, don yana tayar masa da ciwo mai tsanani. Acamprosate yana taimakawa ƙwaƙwalwa ta natsu a watannin farko. Disulfiram kuwa yana sa mutum ya galabaita da amai da bugun zuciya in ya kurɓi giya a kansa. Duk likita ke rubuta su. Iyali su ji da kyau: zuba wa mutum irin wannan magani a abinci bai sani ba na iya hallaka shi.

Ka nemi wanda ya riga ka dainawa. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a 1935 a garin Akron na Amurka, a kan wannan aka gina ta: mashayin da ya daina ya riƙe hannun mai son dainawa, kuma alƙawarin yau kaɗai ake ɗauka, gobe sai ta zo. A Arewa samun zamansu da wuya, amma ana yi ta intanet. In babu, mutum biyu ko uku ku riƙa haɗuwa duk mako, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance ba ƙari ba ragi.

Shaiɗan zai ce maka irinka ba ya shiga sahun gaba. Ka tuna a matakai aka haramta giya, daga ayar Baƙara, zuwa ta Nisa'i, zuwa ta Ma'ida da ta yanke hukunci. Kuma Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya, har wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ka shiga sahu.

MATAKI NA 9: IN KA KOMA

Zai iya faruwa, ya faru da ni. Babban haɗarin shi ne tunanin da ke biyo kwalbar farko: tunda na ɓata, bari in ƙarasa. Da shi dare ɗaya ke zama wata uku. Ka kira mutuminka a daren, ko da muryarka ta nuna. Kada ka tuƙa mota ko babur. Ka sani jikinka ya daina ɗaukar yawan da ya saba, abin da da ba ya kayar da kai yanzu zai iya kai ka asibiti.

In dare ɗaya ne ko biyu, washegari ka tsaya, ka ci abinci, ka sha ruwa, mutuminka ya sa maka ido. In ka yi kwanaki kana sha kullum, ka koma Mataki na 2 ka sake amsa tambayoyin, kada ka yanke kai kaɗai don kunyar a ce ka koma. Da hankalinka ya dawo, ka buɗe littafin ka rubuta abin da ya faru a kwana ukun da suka gabaci shan: wa ka gani, me aka faɗa maka, nawa ne a aljihunka, wace hanya ka bi, yaushe ka daina kiran mutuminka. Abin da ka gano a nan shi za ka gyara a tsarin yammarka, kuma shi za ka kai wa likita a zuwanka na gaba.